Armashin Yawon Kwale-kwale A Tafkin Bakolori

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma sharhin wani sabon littafi ba. Magana ce a kan ruwa da jirgi, da kuma wani abu da Bahaushe ke kira armashi. Kowa ya san armashi in ya gan shi, amma da wuya ka sami wanda zai nuna maka inda yake zaune. Sai ka ga an yi biki biyu a gida ɗaya, makaɗi ɗaya, masu girki su ne dai, amma a watse ana cewa wancan ya yi armashi, wannan kuwa lami. In ka tambayi dalili sai a yi ta kame-kame. To ni a kan ruwa na fara lura da cewa ana iya barin wuri yadda yake, a sauya abu ɗaya tak a cikinsa, armashin ya tattara kayansa ya tafi. Abin da nake son mu tattauna ke nan, domin ina ganin akwai sauyin da ya kamata mu yi marhabin da shi, akwai kuma wanda ya kamata mu tsaya mu tambayi abin da ya haɗiye.

Mu da muka tashi a Talata Mafara ba mu san wani gidan wasan yara irin na birni ba. Yaran Kano suna da gidan zu na Audu Bako, ranar Sallah a kai su su ga zaki da jimina, su hau lilo. Mu kuwa abin da Allah Ya ba mu shi ne dam. In ka ji ɗan Mafara ko Bakura ko Maradun ya ce "dam", to madatsar ruwan Bakolori yake nufi, wadda aka gina a kan kogin Sakkwato a wajen Maradun. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka fara a 1974 aka kammala a 1978. Tsawon ganuwar ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili kusan kadada 8,000. Daga nan ne hanyoyin ruwa suka ratsa gonakin Mafara da Bakura, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Ba don shaƙatawa aka gina ta ba, amma ai yaro ba ya tambayar dalilin gina abu kafin ya mayar da shi wurin wasa.

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara, kashegarin Sallah ita ce ranar zuwa dam. Wani kawuna mai a-kori-kura ne ke kwasar mu, mu kusan goma sha, kowa da sabon ɗinki da ɗan kuɗin barka da Sallah a aljihu. Tun daga gida kaset ɗin Ɗanƙwairo ke tashi a motar, kuma kawu ba ya gajiya da tuna mana cewa mutumin ɗan ƙasar Bakura ne da ya zauna Maradun, wato namu ne. In mun isa sai mu fara hawa kan ganuwa mu kalli ruwa ya shimfiɗe iya ganinmu. Amma babban abin shi ne sauka bakin ruwa inda masunta ke ɗaure jiragensu. A can akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda in ka ba shi sule biyar zai zagaya da ku cikin kwale-kwalensa na katako.

Jirgin ba wani abin kallo ba ne. An toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, yana warin kifi da jiƙaƙƙen icce, kuma akwai wata tsohuwar ƙwarya da ake ba yaron da ya fi kowa rawar kai ya riƙa kwarfe ruwa. Mutum shida yake ɗauka bayan matuƙi. Kafin ya tura jirgin sai Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku zamna da kyau, ɗiyan ga. Kowa yam miƙe tsaye, tudu nika maishe shi." Sai ya yi bisimilla, ya dogara gora a ƙasa har ruwa ya yi zurfi, sannan ya ajiye ta ya ɗauki filafili.

Mai karatu, in ba ka taɓa shiga jirgin da ake tuƙawa da hannu ba, zai yi wuya in kwatanta maka shirun da ke sauka da zarar an bar gaɓa. Hayaniyar masu yawon Sallah sai ta riƙa ja da baya har ta zama kamar ta wani ƙauye mai nisa. Ba ka jin komai sai shigar filafili cikin ruwa da ɗigar da yake yi in an ɗago shi. Gefen jirgin bai fi taƙi ɗaya daga fuskar ruwa ba, saboda haka in ka saki hannunka yatsunka na jan ruwa mai sanyi. Muna ratsa bado, kirinjijiya na tashi a gabanmu garke guda, zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Wani lokaci kifi ya yi tsalle, Baba ya faɗi sunansa tun bai koma ba: wannan karfasa ce, wancan motsin na tarwaɗa ne. Yaran da a tudu ba a jin kunne saboda surutunsu, sai ka ga sun koma magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ce su yi.

Akwai wani wuri da busassun itatuwa suka leƙo daga cikin ruwa, sun yi fari fat, balbela na sauka a kansu. Can Baba ke nufa kullum. In ya isa sai ya ɗora filafili a cinya, ya bar jirgin yana lilo da kansa, ya nuna da haɓa.

"Kun ga iccen can? Tsamiyar ƙohwar gidanmu ta. Nan ƙarƙashinta anka yi mani aski, nan ubana ka zama da marece. Inda muke yanzu rijiya ta. Gaba kaɗan masallaci. Can inda zalɓen can yat tashi, nan munka rufe iyayenmu. Ku yi musu addu'a."

Sai mu ɗaga hannu mu shafa fatiha, kowa na leƙen ruwa ko zai hango bakin rijiya. Wata shekara kawu ya shiga jirgin tare da mu, ya ce, "Baba, to an biya ku diyya kuwa?" Dattijon ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, an dai rubuta sunanmu ga takarda." Ya ɗauki filafilinsa muka juyo. Har muka kai gaɓa ba wanda ya sake cewa uffan.

Sai da na girma na san nauyin wannan amsa. Ruwan Bakolori ya ci garuruwa da gonaki, an tashi dubban mutane, har aka kafa sabuwar Maradun a tudu. Manoman da ke cikin filin noman rani kuwa an hana su shuka na tsawon lokaci ana gyaran ƙasa, rikicin diyya da rabon gonaki ya yi tsanani, suka datse hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan yankin, musamman Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba, mutanen yankin da wasu masu bincike suka ce sun haura 300. Can ƙasa kuma, a fadamun da ke bin kogin har zuwa wajen Sakkwato, wani Bature masanin ƙasa mai suna William Adams ya yi bincike ya nuna cewa ambaliyar da manoma ke jira duk shekara ta ragu, masu noman shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Duk wannan ba a koya mana shi a firamare ba. Ɗan abin da muka fara sani, a cikin kwale-kwalen nan muka ji shi, daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Na yi shekaru ban koma ba saboda karatu da neman abinci. Sai a wata Babbar Sallah, wajen 2007, na ja wasu abokaina biyu 'yan Katsina na ce su zo in nuna musu abin alfaharinmu. Ganuwa na nan, ruwa na nan, har ya fi na da cika domin daminar ta yi kyau. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A inda jirginsa ke tsayawa muka tarar da wani babban jirgi mai fenti shuɗi, an ɗaura masa injin Yamaha a baya, an kuma rataya rediyo mai kaset yana ta zuba waƙoƙin finafinan Hausa. Wani saurayi mai fara'a ke tuƙi, ƙanensa na karɓar kuɗi. Mutum kusan ashirin muka shiga. Ya ja igiya, injin ya ɗauka, hancin jirgin ya ɗaga sama, 'yan mata suka yi ihu, samari suka yi shewa. Cikin minti goma mun yi wani babban da'ira mun dawo, kowa rigarsa ta jiƙe da feshin ruwa, ana ta dariya.

Abokaina sun ji daɗi ƙwarai, kuma ni ma na yi dariyar. Sai dai tun muna tsakiyar ruwa nake waige-waige ina neman itatuwan nan. Na yi wa matuƙin magana sau biyu bai ji ba, ƙarar inji ta hana. Da muka sauka na ja shi gefe na ce, "Samari, ina tsamiyar nan da ke tsakiyar ruwa?" Ya ce, "Wace tsamiya, Yallaɓai?" Na kwatanta masa. Ya ce, "Au, kututturan nan masu karya muna farfela? Ai da rani, da ruwa ya janye, anka sare su." Ya faɗa ba da wata manufa ba, kamar mai ba da labarin an cike rami a hanya. Kuma gaskiyarsa ce, domin farfela kuɗi ce, kuma kututture a ƙarƙashin ruwa na iya kifar da jirgi mai gudu.

A hanyar komawa gida na riƙa lissafa abin da ya sauya. Na farko gudu: abin da filafili ke yi a awa ɗaya, inji ya yi shi a minti goma, kuma ido ba ya tsayawa a kan komai in ana gudu. Na biyu ƙara: tsuntsaye sun tashi tun kafin mu kusance su, ba mu ga ko ɗaya a kusa ba. Na uku tazara: gefen sabon jirgin ya yi tsawo, hannu ba ya kaiwa ga ruwa, kana kan tafkin amma ba ka taɓa shi ba. Na huɗu, wanda ya fi sauran, shi ne murya. A jirgin Baba matuƙi shi ne mai ba da labari, tafkin kuwa shi ne littafin da yake karanta mana. A sabon jirgi ko da matuƙin ya san labarin, babu kafar da zai faɗe shi. Abokaina sun koma Katsina suna cewa sun hau jirgin ruwa a Zamfara, ba su san sun ratsa ta kan masallaci da maƙabarta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin inji ne. Wanda ke zaune a tsallaken tafki, matarsa na naƙuda da tsakar dare, ba ya neman armashi, gudu yake nema. Manomin da tumatirinsa zai lalace in bai isa kasuwa da wuri ba, shi ma haka. Saurayin nan kuma a yini ɗaya na Sallah yana samun abin da Baba ba ya samu a wata guda. Akwai ma wani abin da ya kamata in faɗa: shi kansa tafkin da nake bege, sauyi ne da ya haɗiye wani abu. Tsofaffin da suka san gulbin kafin 1978, lokacin da yake cika da damina ya malala fadama, da rani ya janye ya bar yashi da 'yan tafkuna ana su, ba su taɓa ganin armashin dam ba. Abin da mu yara muka ɗauka wurin wasa, su kabarin garinsu suke gani. Kowane zamani da ruwan da ya buɗe ido ya tarar. Saboda haka maganata ba ta a koma jiya ba ce, domin jiyan ma akwai wadda ta gabace ta.

Abin da ya sake tayar mini da wannan tunani shi ne wani bidiyo da ɗan yayana ya nuna mini a waya, na wani yawon jirgin ruwa a Amurka. A gidan wasan Disneyland da ke jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a watan Yuli na 1955, akwai wani wasa mai suna Jungle Cruise da aka fara tun ranar buɗewa. Kogi ne na ƙarya da aka haƙa, aka dasa itatuwa a gefensa ya yi kama da ƙurmi, aka jera giwaye da dorina da kada na roba masu motsi da na'ura. Mutane na shiga jirgi a zagaya da su kamar suna ratsa kogunan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Ruwan ma rina shi ake yi ya yi duhu don kada a hango ƙarafan da ke ƙasa, jirgin kuma kan wata hanya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa yake bi. Komai na wurin shiri ne. Amma abin da ya ba ni sha'awa shi ne su ma sun gane cewa ran wasan yana bakin matuƙi. Da farko matuƙan bayani suke yi cikin natsuwa kamar malaman makaranta, daga baya a shekarun 1960 aka mayar da abin barkwanci, kuma har yau mutane na bin layi ne don su ji zolayar matuƙi fiye da kallon giwar roba.

A 2021 kamfanin ya sauya wasu sassa na wasan, a Kalifoniya da kuma a reshensa na Fulorida. Shekara da shekaru akwai gumakan baƙaƙen mutane riƙe da masu suna rawa, suna yi wa jirgi barazana kamar namun daji. Akwai wani ɗan ƙabila mai tallar kawunan mutane. Akwai kuma wani wuri da karkanda ya koro ayari suka ɗare kan icce, Bature a can ƙoli, 'yan dakonsa baƙaƙe a ƙasa kusa da ƙahon. Aka cire waɗannan, aka sa birai da wasu sababbin gumaka a madadinsu. Wasu masoya wasan suka yi ta ƙorafi cewa an ɓata musu abin da suka saba da shi tun suna yara, armashin ya ragu. Na fahimci zafin da suke ji, domin na san yadda mutum ke ji in ya koma wurin ƙuruciyarsa ya tarar an taɓa shi. Amma a matsayina na ɗan Afirka, ban ga abin kuka ba. Armashin da aka gina a kan mayar da kakannina abin dariya, gara ya tafi. Yara miliyoyi sun shiga jirgin nan sun fito da hoton baƙar fata a matsayin dodo, kuma da yawansu ba su taɓa ganin wata Afirka ba sai wannan.

Da na ajiye labaran biyu gefe da gefe sai ma'aunin ya fito mini. In an sauya wurin shaƙatawa, tambayar da za a yi ita ce: me aka cire, ƙarya ko gaskiya? Su can ƙarya suka cire daga kogin da dama na ƙarya ne, kuma suka bar matuƙi da bakinsa. Mu nan koginmu na gaske ne, garuruwan da ke ƙarƙashinsa na gaske ne, mutanen da suka mutu a 1980 na gaske ne, amma muka bari ƙarar inji ta rufe bakin mai faɗa. Su suna biyan ma'aikata albashi don su ƙirƙiro labarin da za a ba masu yawo. Mu muna da labarin a kwance, kyauta, muna tsallake shi da gudu.

Akwai sauyi guda da ba ni da ja a kansa ko kaɗan, shi ne na rigar kariya. A jirgin Baba ba wanda ya taɓa sa ta, ba mu ma san da ita ba, kuma cikinmu babu mai iya iyo sai shi. Allah ne kawai Ya kiyaye. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Satumba na 2024 wani jirgin ɗauke da manoma kusan 70 ya kife a Gummi, nan cikin Zamfara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kusan kullum dalilan su ne dai: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, babu rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata cewa kada a shiga jirgi babu rigar, kada kuma a yi tafiyar dare. Na ji wani saurayi na cewa rigar tana ɓata kwalliyar Sallah, hoto ba ya kyau da ita. Na ce masa uwar da ta rasa ɗa a Ɓagwai za ta so a ce hoton ne ya ɓaci. Rigar kariya ba ta hana jin kukan kirinjijiya, ba ta hana sauraron dattijo. Wannan sauyi ne da ke ƙara rai ba tare da ya rage komai ba.

Rabona da shiga tafkin tun 2013, lokacin da na kai 'ya'yana biyu. A ranar na roƙi matuƙin, na ƙara masa wani abu, na ce in mun kai tsakiya ya kashe injin na ɗan lokaci. Ya yi mamaki amma ya kashe. Da farko mutanen cikin jirgin suka fara gunaguni, wata mata ta ce ko mai ne ya ƙare. Can sai shirun ya sauka, irin wancan na da. Ruwa ya fara bugun gefen jirgi a hankali. Na nuna wa yarana inda nake zaton tsamiyar take, na ba su labarin yadda na ji shi. Ban ankara ba ashe duk jirgin saurare ake yi. Wani magidanci da ke can baya ya ce kakarsa ma 'yar tsohuwar Maradun ce, ya ambaci sunan unguwarsu, wani ya ce ai ya san unguwar, nan take hira ta ɓarke tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Minti biyar kacal muka yi. Babbar 'yata har yau in aka ambaci dam ba gudun jirgin take tunawa ba, sai ta ce, "Baba, wurin nan da akwai rijiya a ƙasa."

Bayan wannan sai wani sauyin ya zo wanda ba mai jirgi ne ya kawo shi ba. Matsalar 'yan bindiga ta mamaye dazuzzukan Maradun da Bakura da ƙauyukan Mafara. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumarmu, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, kuma garin da ya samo sunansa daga kasuwar ranar Talata ya san nauyin wannan mataki. A irin wannan hali wane uba ne zai cika a-kori-kura da yara ya nufi bakin ruwa? Iyaye da yawa, har da ni, muka soke yawon dam daga tsarin Sallah. Shirun da tsoro ke kawowa daban yake da shirun filafili. Wancan yana buɗe kunne, wannan kuwa waige yake sa mutum. Ƙananan 'ya'yana da aka haifa daga baya ba su taɓa taka bakin tafkin ba, a waya suke ganin jirgin ruwa, kuma sun fi sanin kogin roba na Amurka a kan na garinsu.

An kashe kuɗi masu yawa wajen gyaran hanyoyin ruwan Bakolori a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa tun daga 2014, kuma manoma sun ga amfanin yashe magudanai. Ina fata in Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, a tuna cewa tafkin ba na shinkafa kaɗai ba ne. Ranar da za a sake buɗe yawon Sallah, wani zai zo da shawarar a kawo jirage masu tsananin gudu, a kafa lasifika, a shafa fenti, a ce an zamanantar. Ba laifi, a kawo. A tilasta rigar kariya, a ƙayyade yawan mutane, a hana lodin ganganci. Amma roƙona ga masu jirage da sarakunan ruwa da masarautun Mafara da Bakura da Maradun shi ne a bar jirgi ko guda ɗaya na filafili ga mai so, kuma kowane jirgi mai inji ya riƙa tsayawa a tsakiya na minti biyar, a kashe inji, matuƙi ya faɗi sunayen garuruwan da ke ƙasa.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an san sunayen. Waɗanda suka yi wayo a garuruwan nan kafin ruwa ya ci su, yau mafi ƙanƙantarsu ya ba shekara 55 baya, kuma kullum raguwa suke yi. A nan ne nake ganin aikin ya dawo kanmu, mu masu riƙe da alƙalami. Muna da ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Mafara, muna da marubuta maza da mata da ke cika shafuka da labaran Dubai da Landan da ba su taɓa zuwa ba. Kowa na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Wanda ke da kaka ko kakan da aka taso daga bakin gulbi, ya zauna da shi yau, ya tambaye shi ina rijiya take, ina kasuwa, wace bishiya ce a ƙofar gidan Sarkin Ruwa, wa ya ƙi tashi sai da ruwa ya shigo zaure. A rubuta, a adana, a ba matuƙan gobe abin da za su faɗa.

Allah Ya jiƙan waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwan nan da waɗanda suka rasa rayukansu saboda shi, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya nuna mana ranar da yaran Mafara za su sake cika mota su nufi dam ba tare da iyayensu na zaman zullumi a gida ba. Amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.